Neman kalma: me za mu kira "murex" da Hausa?

Malamin kimiyya, Nima: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar na je sayen kifi bakin ruwa a Jamestown, nan Accra, sai idona ya kai kan wani bawo cikin tarkacen da masunta suka kakkaɓe daga koma. Ya cika tafin hannuna, a murɗe yake kamar na dodon koɗi, amma kafaɗarsa duk ƙayoyi ne masu lanƙwasa, ga doguwar jela kamar bututu. Litinin na kai shi aji, wata yarinya ta ce, "Malam, meye sunansa da Hausa?" Na tsaya ina sosa ƙeya. A littafi "murex" ake cewa. Wannan namu na gaɓar Afirka ta Yamma, masana na kiransa Bolinus cornutus, wato mai ƙaho, kuma tun 1758 masanin halittu Linnaeus ya rubuta shi. A taimaka mini da kalma kafin Litinin mai zuwa.

Baba, tsohon direba, Sabon Zango: Wa alaikumus salam. Ɗana, katantanwa ce, me ya yi zafi? Da ita muka yi wasa muna yara, a murza ta a ƙasa ta yi ta juyi.

Malamin kimiyya: Allah ya ƙara girma, Baba. Ai wannan in kuka murza ta, sai an ɗaure muku yatsa. Kuma katantanwa bawo ce kawai, ni kuwa har da dabbar nake nema.

Wani matashi, Madina: Bushiyar teku fa?

Ɗaliba mai karatun halittun ruwa, Legon: Yaya, bushiyar teku a bar wa waccan baƙar dunƙulalliya mai tsinke da ke maƙale a duwatsu, ita ta fi cancanta. Malam, abin lura shi ne murex ba dabba ɗaya ba ce. Dangi ne babba, Muricidae, sun haura iri 1,500. Wasu a dutsen bakin ruwa suke, wasu a zurfin ɗaruruwan mita inda haske ba ya kaiwa, kuma na can ƙasa sau da yawa bawonsu fari ne, marar kauri. Saboda haka kada mu ɗaura zurfi a cikin sunan dangin. Ƙayar ma ba barkatai take fitowa ba. Dabbar tana girma ne zango-zango: in ta tsaya, sai leɓen bawon ya yi kauri ya fitar da ƙayoyi, sannan ta ci gaba ta bar su a baya. Ku duba naku, za ku ga ƙayoyin a jere kan tuddai. Jelar kuwa hanyar bututun da take zuƙo ruwa da shi ce. Kuma nama take ci, tana huda bawon kawa ta cinye abin da ke ciki.

Hajiya mai turare, Mamobi: Ku tsaya. Wannan ba shi ne mai murfi a baki ba, ruwan ƙasa, kamar akaifa? To mu farce muke ce wa murfin. Sai an jiƙa shi an kankare ƙarnin tas, a soya, a daka, kafin ya shiga humra. Ni da za a bi tawa, "mai farce" za a sa masa.

Ɗaliba: Gaskiyarku, Hajiya, murfin wasu daga cikinsu na shiga turare, Larabawa ma da sunan farce suke kiransa. Matsalar ita ce dodon koɗin teku masu murfi suna da yawa, sunan zai kwaso har waɗanda ba dangi ba.

Malamin kimiyya: To ga abin da ya faɗo mini. A "dodon koɗi", koɗi shi ne gidan, dodo mai gidan. Me zai hana bawon ya zama "koɗin ƙaya", dabbar kuma "dodon ƙaya"? Daga nan sai a rarrabe. Namu na nan, mai ƙaho. Na tekun Indiya da Pasifik mai siraran ƙayoyi sama da 100 a jere, Murex pecten, mai mataji, tunda ma'anar sunansa ke nan. Na Bahar Rum, Bolinus brandaris, mai rini, domin da shi mutanen Taya, a Labanan ta yau, suke rina tufafin sarakuna a zamanin dā. A 1909 wani masani, Paul Friedländer, sai da ya tara irin wannan dodon guda 12,000 kafin ya samu giram 1.4 na rinin. Na ƙasan teku kuma a ce dodon ƙaya na zurfi.

Wani matashi: Malam, "dodon ƙaya" kamar abin tsorata yara da dare.

Baba: Dodon koɗin ma wa ya taɓa gudu don ya ji sunansa? Ni ya zauna mini a baki.

Ɗaliba: Ni ma na karɓa, da sharaɗi ɗaya: a gaya wa yara cewa akwai 'yan dangin da ba su da ƙaya, sai ƙuraje ko fiffike kamar ganyen latas.

Hajiya mai turare: Ku rubuta dodon ƙayarku a allo. Malam, in ka koma Jamestown ka tambayo mini masuntan ko suna zubar da murfin.