Ana zagin mai fitowa a uwargida a rukuninmu, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu riƙe da rukuni a WhatsApp, shawararku nake nema.

Muna da rukuni na masu bibiyar wani fim mai dogon zango. Duk daren da aka saki sabon kashi, sai kowa ya ɗauki mutum ɗaya daga cikin labarin mu ci gaba da shi da bakinmu: wannan amarya, wancan Alhaji, waccan uwar miji. Wata baiwar Allah ce ke fitowa a uwargida mai makirci, kuma wallahi ita ce gishirin wasan. In ta turo saƙon murya tana jan "sannu da hutawa, amaryar Alhaji", har masu laɓe sai sun tanka.

To wasu sun kasa raba wasa da gaske. Da yake WhatsApp na nuna wa 'yan rukuni lambar juna, sai suka kwashi tata suna binta da zagi, har da kira da tsakar dare. Yanzu maigidanta ya ce ta fita.

Na cire masu laifin, ba su daina kiranta ba. Na mayar da rukunin sai shugabanni kaɗai ke magana, wasan ya mutu murus. An ce mu koma Telegram tunda can ana iya ɓoye lamba, amma yawancinmu datar WhatsApp kaɗai suke saye, wasu kuma wayarsu ta cika.

Akwai wanda ya taɓa kwashe jama'arsa zuwa Telegram ba su watse ba? Ko da dabarar da za ta ci gaba da wasan ba tare da sabbin shiga sun ga lambarta ba?