Abin da na tsinta daga hirarmu kan yara masu galahanga (autism) da rashin natsuwa

Jiya bayan walima muka zauna da wasu iyaye mata, cikinmu akwai nas ɗaya da wata malamar firamare, hira ta zo kan yaron da ya shekara uku bai fara magana ba. Nas ɗin ta ce kafin komai a fara gwada kunnensa, don wani yaron ba galahanga gare shi ba, ji ne ba ya yi sosai. In kunne lafiya lau amma ka kira sunansa bai waiga ba, ba ya nuna abu da yatsa, sai jera murafen kwalba a layi kuma ka taɓa ɗaya ya fasa ihu, to a kai shi wajen likitan yara, akwai tambayoyin gano alamun galahanga da ake kira M-CHAT da ake yi wa iyaye tun yaro na wata 16 zuwa 30.

Shi kuma mai rashin natsuwa, malama ta ce ba daga gida kaɗai ake yanke hukunci ba, sai an ga halin a gida da makaranta har wata 6, shi ya sa ake neman bayanin malamin aji. Duka kam ba ya gyara shi, wallahi ƙara birkita shi yake.

Wata ta ɗauko zancen aljanu, aka ce addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ga na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Ni dai abin da ya taɓa ni, uwar yaron da ta ce rabonta da barci mai kyau har ta manta, nas ta ce Hajiya ke ma ki ga likita.