Mun yashe lambatu, ruwa ya mayar da komai ciki: ta yaya aikin gayyar matasa zai ɗore?

Matashi daga cikin birnin Kano ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayenmu da yayyenmu da suka riga mu shiga harkar aikin gayya. Bara, bayan ruwan watan Agusta ya shiga gidaje da dama a layinmu har ya kayar da katangar wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, mu matasan unguwa muka zauna a ƙofar masallaci muka yi alkawarin cewa ba za mu sake zura ido ba. Bana a watan Yuni muka fito mu kusan talatin, da shebur da manjagara da baro biyu na aro, muka yashe lambatun tun daga bakin masallaci har zuwa kwalbatin bakin titi. Abin da muka fito da shi, ledar fiya wata da robobin lemo da tsummoki da baƙin yashi mai wari, muka jibge shi a gefen hanya da niyyar nemo motar da za ta kwashe. Kuɗin tifa bai haɗu ba. A dare na huɗu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma da muka fito sallar asuba muka tarar komai ya koma inda muka ciro shi.

Tun daga ranar jikin kowa ya yi sanyi, masu zuwa taro ba su wuce bakwai ba. An fara gunaguni a kan ɗan kuɗin da aka tara, mai unguwa ya nuna bai ji daɗi ba saboda a bakin wasu ya ji labarin aikin, sannan ga wani yaron ɗan siyasa da ya ce ubangidansa zai ba mu kayan aiki da riguna masu ɗauke da hotonsa. Ni aka ɗora a gaba, kuma ba na son abin ya mutu a hannuna. Ina muka yi kuskure, kuma ta ina za mu sake kamawa?

Malamin makaranta mai ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi muku albarka, domin abin da kuka yi gadonku ne. A ƙauyen da na tashi, gayya ba ta taɓa zama taron da aka wayi gari kawai aka yi ba. Mai gona ko mai ɗaurin jinka yakan je wurin sarkin samari tun da sauran kwanaki, a tsayar da rana, a sanar da dattawa, mata su san yawan tuwo da furar da za a kai, makaɗi ya san inda zai tsaya. Kowane saurayi kuma ya san cewa idan ya yi wa wani noma yau, ranar da tasa ta zo ba za a bar shi shi kaɗai ba. Wannan tsarin ne ya riƙe gayya, kuma shi ne na ga ya yi ƙaranci a labarinka.

Batun mai unguwa ka ɗauke shi da muhimmanci, kuma gyaransa ba shi da wuya. Ka ɗauki mutum biyu ko uku daga cikinku, ku nemi limamin masallacinku ya raka ku, ku je ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce kun yi ƙuruciya, kun zo neman afuwa da neman jagora. Ba wai girmamawa kaɗai ce a ciki ba. Ku ba za ku iya tsawata wa magidancin da ke turo yara su juye shara a lambatu da daddare ba, domin sa'an mahaifinku ne, amma mai unguwa zai iya kiransa, liman kuma zai iya yin magana bayan sallar Magariba ba tare da ya kama sunan kowa ba. Jagorancin aikin yana nan a hannunku, inuwar dattawa kawai kuke nema.

Ni na ga lokacin da gwamnatin Buhari da Idiagbon ta shigo da tsaftar muhalli cikin shirinta na yaƙi da rashin ɗa'a a 1985, kuma mutane sun fito ƙwarai, amma da yawa tsoron hukuma ne ya fito da su, shi ya sa da tsoron ya kau suka koma gidan jiya. Naku da kuka fara don ganin halin da wata tsohuwa ta shiga ya fi wancan tushe.

Ma'aikacin lafiyar muhalli ya amsa:

Ƙanena, zan taɓo ɓangaren aikin kansa, tunda Baba ya gama da na mutane. Kurakuranku uku ne, kuma kusan duk ƙungiyar da ta fara sai ta faɗa a cikinsu. Kun makara, domin a Kano watan Yuni damina ta riga ta kankama, ruwa kuma yana ƙaruwa ne har ya kai ƙololuwa a Agusta. Lokacin yasa shi ne Afrilu zuwa farkon Mayu, sa'ad da lambatu ya ƙafe kuma yashin ya yi sauƙin ɗauka. Sannan kun fara daga sama kuka gangaro, alhali kamata ya yi a fara buɗe mafita, wato kwalbatin da ruwan layinku ke bi ya faɗa babbar magudana, a riƙa haurowa, don duk ruwan da ya motsa ya sami hanya. Mafi girma kuma, kun sa shebur a ƙasa kafin ku tabbatar da motar kwashewa. Sharar da aka fito da ita aka bari a bakin lambatu ba a gama aikinta ba.

Ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa ku kai sashen lafiya na ƙaramar hukumarku da hukumar kwashe shara ta jiha, wato REMASAB, tun da makonni kafin ranar, kuma ku daidaita aikin da Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli da safe, lokacin da titi ba cunkoso. Duk da haka ku tanadi kuɗin tifa ɗaya a ajiye. Idan ƙarfinku bai kai ba, ku rage tsawon da za ku yashe. Gara rabin layi da aka kwashe tas da layi guda da aka bari a jibge.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin shebur. Ruwan cikin birni da can yana taruwa ne a kududdufai kafin ya gangara rafin Jakara, kuma an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai, saboda haka lambatun da aka gina don ɗan ruwa yanzu yana ɗaukar na unguwanni. Na faɗi haka ne don kada ku zargi kanku idan kun yi komai daidai amma ruwa ya ɗan hau. A ƙarshe ina roƙonku kada kowa ya sake shiga kwata da silifas ko hannu tsirara. Na taɓa ɗaure wa wani yaro ƙafa da fasasshiyar kwalba ta yanke shi ta cikin silifas a irin wannan aiki, kuma sai da aka yi masa ɗinki da allurar rigakafin tetanus. Takalmin roba da safar hannu su zo kafin riguna, ƙananan yara kuma a bar su a wajen raba ruwan sha.

Wata 'yar kasuwa daga Damagaram ta amsa:

Ɗan'uwa, a kan maganar ɗan siyasa nake son in ja hankalinka. A nan Nijar iyayenmu suna ba mu labarin Samariya, ƙungiyar matasa ta gargajiya wadda Seyni Kountché ya farfaɗo da ita bayan ya karɓi mulki a 1974. An yi ayyukan gayya masu yawa a ƙarƙashinta, kuma har yau akwai dattawan da ke tuna ta da alheri, amma da yake ta zama hannun gwamnati, da zamani ya juya aka shiga siyasar jam'iyyu a farkon shekarun 1990 sai ƙarfinta ya tafi tare da mulkin da ya ɗaure mata gindi. Idan kuka sa riga mai hoton mutum ɗaya, rabin unguwa sun fita daga aikin tun kafin a fara. In da gaske taimako yake nufi, ya kawo baro da shebur ta hannun mai unguwa, a yi masa godiya a bainar jama'a kamar yadda za a yi wa mai shagon da ya ba da buhun ruwa.

Kuɗi kuwa, ko a adashi ba a barin amana ta dogara da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Ka cire hannunka daga riƙe su. A sami ma'aji daban da magatakarda daban, a sayi littafi, duk wanda ya ba da ko nawa ne a rubuta a gabansa, bayan kowane aiki kuma a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ɗauki hoton shafin a tura zaurenku na WhatsApp. Kuma ban ji ka ambaci mata ba, alhali sharar nan daga cikin gidaje take fitowa. Ku sa ƙannenku mata da malaman Islamiyya su shiga gida-gida su yi magana da matan aure, a kuma samar da wurin zuba shara kusa, domin yaron da aka aika juji mai nisa da daddare a lambatu zai juye ya dawo.

Matashi daga cikin birnin Kano ya sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode Yaya, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa abokaina shida amsoshinku jiya bayan sallar Isha'i. Liman ya amince zai raka mu wurin mai unguwa ranar Juma'a da yamma, mun sayi littafi, kuma na miƙa ragowar kuɗin ga wanda muka zaɓa ma'aji a gaban kowa. Mun yanke shawarar cewa a daminar nan bakin kwalbatin kaɗai za mu riƙa buɗewa duk Asabar, babban aikin sai Afrilu in Allah ya kai mu. Yaya, idan ba damuwa, ka taimaka mini da yadda ake tsara takardar da za mu kai ƙaramar hukuma, don in kai wa mai unguwa ita a rubuce ranar da za mu je.