Yadda ake magance ƙyalli a hoton sarƙa da zobe

Da masu ɗaukar hoton kayan kasuwanci suka tattauna kan sarƙa, zobe da awarwaro, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: gwal da azurfa madubi ne, duk abin da ke ɗakin sai ya fito a jikinsu, har taga da jar rigar mai hoton. Don haka gyaran daga kewayen kayan yake farawa.

A kashe filasha tukuna. A rataya farin yadi mara kauri tsakanin fitila da kayan, ko a sa su cikin ƙaramin tantin hoto, hasken ya bazu ya yi laushi. Wasu sun ce tanti kaɗai yana kashe gwal, ya fito fari fat kamar roba. Gaskiyarsu. Maganin shi ne a jingina siririn baƙin kwali a gefe, ya zana layin duhu a jikin zoben, siffarsa ta fito.

Idan kyamarar ce ke bayyana, a huda farin kwali a leƙo da idonta ta hudar, ko a ja baya a yi amfani da dogon gilashin kyamara, kamar makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa, mai milimita 100. Folaraiza kuwa, wato matatar haske da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara, tana rage ƙyallin dutse da gilashi, amma ba ta yi wa zallar ƙarfe wani abin kirki.

Sai a kafe kyamara kan mai ƙafa uku, a saita ƙofar shigar haskenta a f/11 zuwa f/16, a goge kayan, a riƙa taɓa su da safar hannu, domin tambarin yatsa ba ya ɓuya a hoton kusa.