Peugeot 504 da ta daɗe a ajiye: a saya a tayar, ko a bar wa 'yan gwangwan?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata Peugeot 504 salun a wani gida nan wajen Agege, ta kai shekara 6 ba a tayar da ita ba. A tsakar gida take, an lulluɓe ta da tamfol. Tayoyin duk sun kwanta, babu batir, rana ta cinye fenti, amma gilasai da fitilu da kujeru suna nan lafiya. Mai ita ya rasu, ɗansa ne ke son rabuwa da ita, kuma kuɗin da ya yanka bai wuce na 'yan gwangwan da yawa ba. Niyyata in riƙa gyara ta kaɗan-kaɗan, duk wata abin da ya sawwaƙa. Me ya kamata in duba kafin in biya? Da inji ake farawa ko da bodi? Sannan in kai batir in gwada tayar da ita a can, ko akwai haɗari?

Baban Hanifa, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mai ita. Malam, ajiye maganar batir tukuna, ka fara da takardu. Tunda mamallakin ya rasu, motar ta zama dukiyar gado, kuma ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar da ita sai in an raba gado ta faɗo a rabonsa, ko sauran magada sun amince. A rubuta takardar ciniki, magada su sa hannu, a sa shaidu biyu. In akwai takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci, karɓi kwafinta. Ka nemi tsohuwar takardar mallaka da lasisin mota ko da ya ƙare, ka gwada lambar shasi da lambar inji da ke rubuce da waɗanda ke jikin ƙarfen, harafi da harafi. In sun saɓa, ko ka ga alamar an goge lamba an sake bugawa, ka haƙura da ita ko kyauta aka ba ka. Yawancin 504 da ke ƙasar nan haɗin kamfanin PAN na Kaduna ne, wanda ya fara aiki a 1975, saboda haka ba a neman takardar kwastan a kansu. Wadda aka shigo da ita daga waje kuwa dole sai da ita. Canjin suna a ofishin MVAA, hukumar rajistar motoci ta jiha, ake yi a nan Legas.

Na biyu tsatsa, kuma ita ce ke yanke hukunci a garin nan. Iskar teku da ruwan damina ba sa raga wa ƙarfe, tamfol ɗin ma da kake ganin kariya ce laima take riƙewa a ƙasa. Tafi da tocilan, doguwar sukudireba da ɗan maganaɗisu. Ɗaga kafet gaba da baya, ka caccaki ƙarfen ƙasa da ƙarfi, ba shafa ba. Duba dogarin da ke ƙarƙashin ƙofofi, gindin but inda safaya take, ƙarƙashin mazaunin batir, gefen gilashin gaba, da saman inda shokozoba na gaba ke ɗaure a cikin bonet. Ramin ƙasan ƙafa faci ne kawai. Amma in wurin da shokozoba ko ƙafafun baya ke kamawa ya ruɓe, wannan aikin zai ci kuɗin da ya ninka na motar. Bi jikinta da maganaɗisun: duk inda ya ƙi kamawa, fila aka cika a wurin. Busasshen laka a ƙarƙashin kujeru ko bayan dashbod kuwa alama ce ta taɓa nutsewa a ambaliya.

Arha ba ta ado, amma 504 mai lafiyayyen ƙarfe da tsabtatattun takardu ta cancanci a wahala a kanta.

Bakanike Mai 504:

Duk abin da Baban Hanifa ya faɗa haka yake. Ni kan inji zan tsaya, don a nan mutane ke yin ɓarna a minti biyar na farko. Kada ka sa batir ka murza makulli, kada kuma ka bari yaran unguwa su tura ta don ta kama a giya. Ringi sun daɗe a bushe a jikin silinda, wataƙila ma sun manne da tsatsa. Kik ya fizge su, su karye, su yi wa silinda zane.

Zaro sandar awon mai ka gani. In baƙi ne kawai, babu komai. In ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga. Sassauta notin juye kaɗan: ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara ɗigowa in yana ciki.

Filogin wannan injin suna can cikin rami mai zurfi, don haka a hure ƙasa da dattin da suka taru kafin a kwance, kada su faɗa ciki. Tof silinda alminiyam ne, zarensa ba ya son ƙarfi. Fesa man kwance tsatsa, a bar shi ya kwana, a kwance a hankali. Daga nan zuba kamar cokali 2 zuwa 3 na man giyar otomatik gauraye da gas ko kananzir a kowane rami, a bar shi kwana 3 zuwa mako guda. Sa giya a firi, sa sifana a babban notin fulin gaba, ka juya da hannu. In ya motsa kaɗan ya tsaya, koma baya, dawo gaba, ƙara mai, ba shi lokaci. Kada a sa dogon bututu a hau kansa. In ya zagaya sau biyu cikakke ba tare da ya cije ba, kana da inji.

Sai a juye tsohon mai, a sa sabuwar filta da kusan lita 4 na man inji 20W-50. Mai araha ya isa a wannan karon, don za a sake juye shi bayan ɗan gajeren gudu. Filogi na waje, a cire wayar kwayil, a buga kik na daƙiƙa 10, a huta, a sake, har fitilar mai ta mutu. Wannan ne ke nuna mai ya zagaya kafin wuta ta kama.

Tankin fetur kuwa kada ka yarda da shi. Fetur da ya shekara 6 ya koma danƙo, ga tsatsa a gindin tanki, famfo zai ja duka ya toshe kafireto. Cire tiyon da ke zuwa daga tanki, sa shi a galan mai sabon fetur, da ƙaramar filta a tsakani. Galan ɗin ya yi nesa da salansa da batir, kuma a ajiye abin kashe gobara kusa. Kafireton a kwance, a wanke jet-jet da iska, ban da cusa waya, don tana buɗa ramin motar ta riƙa zuƙar mai. Kwantak da kwandansa sababbi, tazarar kwantak milimita 0.4, ta filogi 0.6. Tsarin wuta 1-3-4-2 ne, amma ka yi wa wayoyin alama kafin a cire su. Bawul ana saita su inji na sanyi: na shiga 0.10, na fita 0.25.

In ta tashi, hayaƙi zai turnuƙe na ɗan lokaci saboda man da aka zuba, wannan ba komai ba ne. Abin lura shi ne kumfa a bakin lagireto, ko ƙarar bugu daga ƙasan inji. Bayan ta yi zafi a auna kwamfireshan. Abin da ake so silinda huɗun su yi kusa da juna, bambanci kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokalin mai a sake aunawa: in awo ya hau, ringi ne, in bai motsa ba, bawul ne ko gaskit.

Ga abin da yaran gareji da yawa ba su sani ba, tunda a kan motocin Japan suka koyi aiki. Silinda na 504 silif ne masu fita, wato bututun ƙarfe da fistin ke gudu a ciki, ruwa na zagaye su kai tsaye, kuma tof silinda ne ke danne su. In an buɗe shi, ba a ɗaga shi sama kai tsaye, ana girgiza shi gefe ne ya saki gaskit. Da an ɗauke shi a danne silif ɗin da faffaɗan wosha da noti kafin kowa ya juya inji. In silif ya ɗaga ko kaɗan, abin da ke toshe gindinsa ya saki, sai ka haɗa komai ka tarar ruwa na gangarawa cikin mai. Alherin wannan tsarin shi ne ba a buƙatar kai bulo wurin gundura: a sayi silif da fistin da ringi saiti guda, a sa, inji ya dawo.

Mai Walda, Owode:

Oga Bakanike ya yi bayani, sai dai ina da gyara kan tsari. A tabbatar inji na juyawa, a ji ƙararsa, sannan a tsaya. Kada a kashe kuɗin buɗe inji kafin a gama aikin ƙarfe, don sai an kankare fenti ake sanin gaskiyar bodi.

Tsatsa ba a rufe ta, yanke ta ake yi. A yanka har sai an kai ƙarfe mai haske, a ƙara kamar inci guda. Faci da falanki mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1 a jiki da ƙasan ƙafa, 1.2 zuwa 1.5 a dogari da wuraren da ke ɗaukar nauyi. Waldar kabaid da aka saba da ita tana zafafa wuri mai faɗi, ƙarfe ya lanƙwashe, sai a koma cike da fila mai kauri, damina biyu ta tsage. In ka samu mai injin waldar lantarki da ake kira MIG, shi ya fi. In babu, a riƙa ɗiga waldar tsalle-tsalle ana bari ta huce. Kafin wuta ta taɓa motar a sauke tanki gaba ɗaya, a cire kafet da wayoyin da ke bin ƙasa. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, tururin ne ke fashewa.

Bayan walda a goge, a shafa firaima ta efoksi a ranar, gaba da baya, a toshe bakin ɗinki da sila. A Legas ƙarfe tsirara yana yin ja kafin gari ya waye. A buɗe ramukan tsiyayar ruwa na ƙasan ƙofofi da dogari, a fesa mai ko kakin hana tsatsa a ciki. Fenti shi ne na ƙarshe. Motar za ta iya yin shekara da firaima, ba abin kunya ba ne.

Ɗan Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An duba: lambobi sun yi daidai da takardu, magada sun yarda. Akwai rami kamar tafin hannu biyu a ƙasan ƙafar direba, gindin but ya ci kaɗan, amma wurin shokozoba da dogari sun ƙi sukudireba. Inji ya juya bayan jiƙo. Birki kuwa feda na tafiya har ƙasa. Ina zan nemi kaya, kuma wanne zan saya sabo, wanne na hannu?

Rewaya Mile 12:

To Malam, ka samu mota. Da janwe za a ɗauke ta, ba da igiya ba, tunda babu birki.

Ƙa'idar saye mai sauƙi ce: duk abin roba sabo, ƙarfe da gilashi na hannu. Man birki yana shan laima daga iska, shi ya sa cikin masta da silindar ƙafafu ke tsatsa in mota ta daɗe a tsaye. A kwance su duka. In cikin ya yi ramuka, canza roba kaɗai ba zai riƙe ba, sai an canza silindar. Tiyon birki na roba a canza dukansu ko da sun yi kyau a ido, don ta ciki suke kumbura, su riƙe taya bayan an saki feda. Bututun ƙarfe a bi su da hannu har baya. Sabon mai DOT 4, a fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da masta. Kuloci ma da mai yake aiki, a yi masa haka. Tiyon lagireto, tiyon fetur da fanbel duk sababbi. Lagireto a kai a buɗe a wanke, kuma kada a yarda wani ya cire tamostat ya jefar da sunan maganin zafi. Sau da yawa toshewar lagireto ce ke kawo zafin, ba shi ba.

Taya kuwa, don sanin lokacin da aka ƙera ta, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan kalmar DOT da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Waɗanda ke jikinta a jefar.

Wuta kuwa, ɓeraye sun riga ka. Kafin a ɗaura batir a bi wayoyi a bayan dashbod da cikin bonet. Ɗaura kan fositif, sannan sa ƙwan gwaji tsakanin kan negetif da wayarsa, komai a kashe. In ƙwan ya kama da haske, akwai inda waya ke taɓa bodi, a nemo shi kafin a ci gaba. Fiyus da aka naɗe da waya a fitar da su. Rabin matsalar fitilun tsofaffin motoci wayar at ce, wato wadda ke ɗaure a jikin bodi, da ta yi tsatsa, a kankare a ɗaure. Inji na aiki, awo a kan batir ya nuna tsakanin volt 13.8 da 14.4, in ba haka ba a duba altaneta.

Kaya: Ladipo a Mushin don na hannu, kasuwar ASPAMDA a Trade Fair kan hanyar Badagry don sababbi, Owode Onirin don ƙofa, bonet da guntayen bodi daga motocin da aka yanka. Abin da ya gagara a nan, a aika Panteka a Kaduna, can ne gidan motar. Kullum ka tafi da tsohon a hannu a gwada, don 504 ta daɗe ana ƙera ta, tun 1968, kuma kayan birki da kafireto sun bambanta daga samfuri zuwa samfuri.

Baban Hanifa, Idi-Araba:

Ƙari kaɗan. Kada ka sabunta lasisi da inshora yanzu, wata 12 suke yi, za su ƙare motar na kan jak. Canjin suna dai a yi shi da wuri tun magada na kusa. Inshorar ɓangare na uku ta ƙaramar mota naira 15,000 ce tun Janairun 2023. Takardar lafiyar mota sai an kai ta cibiyar gwajin motoci ta LACVIS an gwada birki, fitilu, sitiyari da hayaƙi, don haka a gama waɗannan kafin a je. Sannan ka samar mata wurin ajiya a cikin gida ko gareji, ba bakin titi ba, don motar da ta daɗe a gefen hanya hukuma na iya janye ta. In za a sa tamfol, a ɗaga shi a kan katako iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa.