Jakar makaranta ce ko buhun masara?

Uwar Biyu, Tudun Wada: Jama'a yau raina a ɓace yake wallahi. Ɗana ɗan aji uku ya dawo yana dafe da wuya, na cire masa riga sai ga shatin igiyar jaka ja wur a kafaɗunsa. Na kai jakar wurin mai gas na layinmu ya ɗora a sikeli, kilo 6! Shi kansa yaron kilo 24 ne. Littafi goma sha ɗaya, ga gorar ruwa ga kular abinci, yana tafiya a sunkuye kamar tsoho. Makarantun kuɗin nan sun mayar mana da yara jakuna, ƙarshenta doro za su yi.

Malamin Firamare: Hajiya ki janye kalmar jakuna dan Allah. Mu da muke koyar da su ke nan masu kiwon jakuna ne?

Ɗan Rigasa: Malam tsaya tukun, jakuna ta ce ko jakunkuna 😂

Uwar Biyu: Jakuna na ce, jam'in jaki, ba tuntuɓen harshe na yi ba.

Anti Nas: Shawarar likitoci dai kada jaka ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaro, ta ɗanki ta kai kashi 25. Shi ya sa yake sunkuyo gaba don ya rinjayi nauyin, daga nan sai ciwon wuya da kafaɗa da baya. Amma maganar doro ba a tabbatar jaka na kawo shi ba. Ya riƙa rataya igiya biyun, ki ɗage masa ita kar ta sauko ƙasan ƙugu, manyan littattafai su zauna ta jikin bayansa.

Baban Kawo: Ni ban ga zagi a jaki ba, dabba ce mai haƙuri. Mu da muka taso da tulu a ka wa ya yi doro?

Malamin Firamare: To Baba a kira jikokinka haka mu gani.

Baban Kawo: Yaro iya bakinka, na haifi kamarka.

Ɗan Rigasa: Ku mayar da su ta gwamnati mana, littafi biyu a leda, ba ciwon baya ba kuɗin littafi.

'Yar Unguwan Rimi: Hassada ce kawai, kullum sai kun taɓa masu makarantar kuɗi. Kuma wasu jakar gwanjo suke sayowa a Kasuwar Barci igiya kamar zare sannan su zo suna kuka.

Uwar Biyu: Da ni kike? Sabuwa dal na saya, kuma gwanjon ai ya fi wani sabon ƙarko.

Anti Nas: Wai akwai wanda ya karanta abin da na rubuta kuwa?

Admin: Ya isa haka, na rufe. Abin da muka fahimta, kalmar jakuna ba ta dace ba, malamai ba su da laifi, matsalar duk daga jakar banza ce. Mai son mai soso a kafaɗa ko mai taya ya same ni a shago bayan la'asar, akwai ragi ga 'yan gurup.