RAW: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Mai hoto, Nima:
Salamu alaikum jama'a. Akwai yaran da nake koya wa aiki a shago, da Hausa muke komai, amma da mun zo kan RAW sai baki ya karkata Turanci. Masu biki ma sun ɗauke kalmar. Amarya za ta kira ta ce a turo mata "raw", alhali hotunan da ba a gyara ba take nufi. Wannan daban, wancan daban.

Ga abin da yake. In ka danna kyamara, haske ya faɗa kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama haske a cikinta, kowane ɗigo a kanta launi ɗaya tak yake gani: rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi. Tsarin Bryce Bayer ne na kamfanin Kodak, tun 1976. In kyamara na kan JPEG, ita za ta haɗa launukan, ta ƙara kaifi, ta matse, ta zubar da saura, ta miƙo maka matakan haske 256 a kowane launi. In tana kan RAW, abin da sensa ta gani za ta zube maka, matakai 4,096 ko 16,384, sauran aikin naka ne. Canon na ce masa CR2 ko CR3, Nikon NEF, Sony ARW. Kuma kada manyan baƙaƙen su ruɗe ku, ba gajarta wani dogon suna aka yi ba, kalma ce kawai. To me za mu ce?

Tsohon mai situdiyo, Sabon Zango:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka kwatanta ai nagatif ne, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa. Tun zamanin su James Barnor, da ya buɗe Ever Young a Jamestown a shekarun 1950, haka aikin yake a Akra: ka ɗauka, ka shiga ɗakin duhu, ka wanke. Mai hoto bai taɓa ba da nagatif ba sai in saye aka yi. In Hausa zalla kake so, ka ce uwar hoto. Daga gare ta ake samun 'ya'ya, ko goma ko ɗari, ita kuma tana nan a adane.

Mai hoto, Nima:
Baba, kamfanin Adobe masu manhajar gyaran hoto ma sahunka suka bi. Da suka fitar da nasu a 2004 suka sa masa DNG, wannan N ɗin nagatif ce. Sai dai yarana ba su taɓa riƙe fim a hannu ba. In na ce nagatif, sai na sake zama na fassara nagatif.

Malamar Hausa, Madina:
Ni ban ga abin wahala ba. Ɗanyen hoto. Ba mu muka fara ba: rediyo kullum cewa take ɗanyen mai, ba wanda ke tambaya ko tafasa shi za a yi. Ɗanye shi ne abin da bai kai ga amfani ba tukuna, sai hannu ya bi ta kansa. Jam'i ma ba gardama, ɗanyun hotuna. Na ga wani ya rubuto min "asalin hoto" ta gefe. Wannan kam a'a. Asali a bakin mutane shi ne wanda WhatsApp bai matse ba, za a sake ruɗewa.

Mai ɗaukar biki, Fadama:
Malama, da girmanki, amma ba ki taɓa bin cikon kuɗi a gidan biki ba. Je ki ce wa uwar amarya hotunan 'yarta ɗanyu ne. Ɗanyen aiki za ta ji, ɗanyen aiki kuma za ta faɗa wa dangi, cikon ya tafi kenan. A Hausa ɗanye bai cika zuwa da alheri ba: ɗanyen kai, ɗanyen hukunci. Me zai hana gundarin hoto? Ko ƙirgi, tunda fatar da ba a jeme ba ce?

Malamar Hausa, Madina:
Ƙanena, ƙirgi ta yi daɗi a kunne, amma shiga Kasuwar Nima ka tambayi matasa goma ma'anarta. Kalmar da sai an ɗauko ƙamus ba ta rage wa mai hoto aiki ba. Gundari kuma girma da dunƙulewa yake nunawa, bai ce aiki ya rage ba.

Mai hoto, Nima:
Bari in bi aikin yadda nake yi, mu ga wace kalma ce za ta zauna a baki.

Na dawo daga ɗaurin aure. Kafin in cire takalmi, a kwashe ɗanyun daga kati zuwa wuri biyu, laftof da diski na waje. Wanda dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya taɓa kashe wa kwamfuta ana cikin kwafi ba ya buƙatar wa'azi. Ba a goge kati sai an buɗe an gani a wurin biyun. Sannan tacewa: mai ido rufe, mai girgiza, wanda wani ya gifta da waya, duk a fitar. Ba na taɓa launin ko ɗaya sai na gama wannan, don ɓata lokaci ne ka gyara abin da za ka yar.

Sai babban aikin, a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, ko darktable ga wanda bai da kuɗin wata-wata. Fari nake fara daidaitawa. Kun san rumfunan bikinmu, jan tanti ko shuɗi, rana ta ratso ta rina fuskar kowa. Sai in nemi wani abu da na san fari ne, hular liman ko mayafin wata, in danna, launi ya dawo hayyacinsa. A ɗanye wannan ba ya cin komai, don kyamara ba ta riga ta yanke hukunci ba. Daga nan haske. Ango ya sha farar shadda da tsakar rana, fuska baƙa a ƙarƙashin hula. In ka bi fuska, riga ta ƙone, aikin wuyan da ya biya maɗinki kuɗi masu yawa ya zama farin fili. A ɗanye nakan rage hasken, zare ya fito ɗaya bayan ɗaya, in ɗaga inuwa fuska ta bayyana. Ba kullum ba, wanda ya ƙone ƙurmus ya tafi. A JPEG kuwa kamar waakye ne, shinkafa da wake, da aka riga aka sauke, in gishiri ya yi yawa sai haƙuri.

In na gama guda, sai in kwafa saitin kan duk waɗanda aka ɗauka a rumfa ɗaya. Ƙuraje da gyaran fata su ne ƙarshe, kuma ba kowane hoto ba. Sannan a fitar da JPEG, babba na bugawa, ƙarami na waya.

Kun ga sau nawa na ce ɗanye ban yi tuntuɓe ba. "A kwashe ɗanyun." "A ɗanye ka ɗauka?" Gwada da gundari ka ji.

Tsohon mai situdiyo, Sabon Zango:
To tsaya, ɗana. Bayan ka gama duk wannan, shi fayil ɗin farko ya canza?

Mai hoto, Nima:
Ko kaɗan, Baba. Manhajar ba ta taɓa shi. Gyaran a gefe take rubutawa, a kundinta ko a wani ɗan fayil, XMP. Bayan shekara biyar zan iya komawa in sake daga farko.

Tsohon mai situdiyo, Sabon Zango:
Ka ji ko. Wane ɗanye ne za a dafa a ci, a dawo a tarar da shi ɗanye? Uwa ce.

Malamar Hausa, Madina:
Baba ya kama mu a nan, kuma gaskiyarsa. Amma abu biyu ne. Ɗanye na faɗin irin fayil ɗin, uwa na faɗin matsayinsa a ajiya, kamar yadda ake cewa uwar kuɗi. A bar su duka: a ɗanye ake ɗauka, foldar da ba a taɓawa kuma ita ce uwa. Shi kuma aikin Lightroom, ga wanki nan Baba ya ba mu kyauta.

Mai ɗaukar biki, Fadama:
Wanki a titi bugawa ne fa. "Wanke min guda goma" takarda ake nufi. Sai dai mu ce wankin ɗanye. Na yarda da ɗanye tsakaninmu, amma gaban masu biki bakina ba zai furta ba. Su "wanda ba a gyara ba" zan ci gaba da ce musu, tunda dama shi suke nufi, kuma ko na tura musu NEF ba abin da za su yi da shi.

Mai hoto, Nima:
Shi ke nan. Ɗanyen hoto, wankin ɗanye, uwa. Gobe zan rubuta a jikin bangon shago.

Ɗaliba, Mamobi:
Yaya, mu masu waya fa? Tana yin ɗanye?

Mai hoto, Nima:
Wasu na yi, ƙanwata. iPhone na da ProRAW tun 12 Pro a 2020, Android da yawa kuma in kin shiga sashen Pro na kyamara za ki ga RAW, DNG yake ba ki. Snapseed na buɗewa, Lightroom na waya ma haka. Ki dai duba wurin da ya rage miki tukuna, don guda ɗaya kan kai megabait 25.